Turaren Maiwada

Ruwan sama ne ya haɗa su, ranar kasuwar Gozaki, a tsakiyar wata damina wajen shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin ta Hijira.

Barakatu ta kawo zaren da ta kaɗa, ba ta kai ga sayar da rabinsa ba hadari ya taso daga gabas. Ta ruga rumfar da ta fi kusa, rungume da kwandonta. Tana shiga santsi ya kwashe ta, dunƙulen zare ɗaya ya faɗo ya nufi taɓo. Wani saurayi da ke fake a rumfar ya sunkuya ya cafke shi.

Ya miƙo mata, sai kuma ya tsaya. Yatsunsa sun bar shuɗi a jikin farin zaren.

"Ki yi haƙuri," ya ce, yana mayar da ɗaya hannun bayansa. "Na ɓata miki shi."

Ta dubi zaren, ta dubi hannun. Shuɗi ne tun daga farce har gwiwar hannu, irin na wanda ya wuni a bakin karofi yana rini.

"Da ka bari ya faɗa taɓo fa?"

"Taɓo yana wankuwa. Nawa ba ya fita."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Kafin ruwa ya ɗauke ta san sunansa Shitu, mutumin Maska ne, wata uku ke nan da zuwansa yana rini a karofin kawunsa. Shi kuma ya san ita ce autar Maiwada, tsohon bafataken da ya ajiye tafiya ya koma noman auduga.

"Bari in saya, tunda ni na ɓata," in ji shi.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu," ta ce, ta cusa shi ƙasan kwando, ta fita ba ta waiwaya ba.

Bayan kwana biyar Shitu ya yi sallama a ƙofar gidan Maiwada da la'asar. Daga nan ya zama duk Litinin da Alhamis sai an shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawar ƙofar gida. Shi yana kiranta Barakata. Ita kunya ba ta barin ta faɗi sunansa, sai ta ce Na Maska.

Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Yayar mahaifinta, Gwaggo Mero, ita ta raine ta, ita ta koya mata kaɗi, ita kuma ta koya mata karatu da rubutun ajami. Duk ranar da Gwaggo za ta kai zare karofi, sai Barakatu ta naɗe guntuwar takarda a cikin dunƙule ɗaya. Gwaggo ta sani, amma sai ta yi kamar ba ta sani ba. Ranar da ta karɓo zaren a rine, a cikinsa amsa ke dawowa.

Wata rana ya rubuto mata:

"Zuwa ga Barakata. Yau na tsoma zarenki sau bakwai, kawu ya ce uku ya isa. Ban so in gama da shi da wuri ba ne. Ni ne naki, Shitu."

Ta amsa:

"Zuwa ga Na Maska. Ka ji maganar kawu, kada ka ƙarar masa da baban rini. In zare kake so ka daɗe da shi, zan ƙara kaɗawa. Ni ce."

Maiwada bai hana zancen ba, amma bai taɓa sakin fuska ba. Shi ransa yana kan Sanda, ɗan amininsa mai fataucin auduga zuwa Kano, saurayi mai tsafta da iya ɗaura rawani.

"Auta," ya ce mata wata safiya, "ba zan yi miki dole ba. Amma ki duba da kyau. Marini, har ya mutu hannunsa ba ya komawa irin na mutane."

Maganar ta zauna mata a rai fiye da yadda ta so.

Akwai abu ɗaya da duk Gozaki ta san Maiwada da shi, ba gona ba, ba rumbu ba. Turare ne. Yana cikin wata doguwar kwalba siririya mai kore-kore, da takarda manne a jikinta mai wani rubutu da ko liman bai iya karantawa ba. Ba mai ba ne kamar jibda ko wardi, ruwa ne tsararo, in ya taɓa fata sai a ji sanyi, sannan ƙamshin ɓawon lemo da na wasu furanni ya tashi. Larabawa suna ce masa kaluniya. Sau biyu kawai yake buɗe shi a shekara, ƙaramar Salla da babba, ya ɗiga uku a wuyan riga, ya sake toshe bakin da kakin zuma, ya mayar cikin sanduƙi a shigifa, ɗakin da yake karɓar baƙi.

Duk Salla kuma sai ya ba da labarinsa ga masu zuwa gaisuwa. Wai a wani birni ake yinsa a bakin babban kogi, can ƙasar Nasara mai sanyi, tun fiye da shekara ɗari. Wai wanda ya fara haɗa shi baƙo ne a birnin, kewar lambunan lemo na garinsu ta dame shi, sai ya tara ƙamshinsu a kwalba. Sarakunan can suna shafawa, wasu har sha suke yi don ciwon ciki. Jirgin ruwa ke kawo shi Tarabulus, raƙumi ya ɗauko shi zuwa Gadamas, daga nan Gat, daga nan Azbin, kwalba goma ta taso uku su iso. Shi kuwa wani Balarabe ne, Sidi Hamuda, ya ba shi kyauta, don ya tsamo shi daga kogi lokacin da ambaliya ta kusa tafiya da shi.

Barakatu ta haddace labarin tun tana yarinya.

Ranar bikin wata ƙawarta, 'yan mata da samari suka taru a dandali da yamma. Shitu ya taso daga aiki, ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya zo ya zauna gefen tabarmar da take. Sanda yana tsaye kusa da abokansa. Ya ɗaga hanci sama, ya shaƙi iska.

"Jama'a, wa ya buɗe karofi a nan? Ko dai wata akuya ce ta mutu bayan danga?"

Dariya ta ɓarke. Har ƙawayenta suka sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Barakatu ta ji fuskarta ta yi zafi, kuma ba tare da ta yi shawara da zuciyarta ba, ta ɗan matsa daga gefensa. Bai fi tafin hannu ɗaya ba.

Shitu ya ci gaba da zama har makaɗa suka gama waƙa ɗaya, sannan ya yi mata sallama a hankali ya tafi.

Kwana uku abin yana cin ta. Tana jin haushin Sanda, tana jin tausayin Shitu, a ƙarƙashin duka kuma akwai wani abu da ba ta son dubawa. Ran Alhamis da hantsi mahaifinta ya tafi gona, Gwaggo ta shiga maƙwabta barka. Barakatu ta shiga shigifa, ta buɗe sanduƙi, ta kankare kakin da farce. Ta yi niyyar ɗiga kaɗan a ɗan tandun fata da take zuba man shafawa. Garin sauri, kwalbar ta karkace, turare ya cika tandun ya malala a ƙasa. Da ta ɗaga kwalbar ga haske, ta ga kusan rabin abin da ya rage ya tafi.

Ta dafe kakin yadda ta iya, ta kwashe ƙasar da ta jiƙe ta zubar a masai, ta turara ɗakin da hayaƙin kajiji. Tandun ta naɗe shi cikin zare tare da takarda:

"Zuwa ga Na Maska. Ga ɗan abu, ka shafa gobe Juma'a. Kada ka tambaye ni daga ina. Ina so su gani. Ni ce."

Shitu bai taɓa yin Salla a Gozaki ba, don haka bai san ƙamshin ba. Ya shafa a wuya da hannayen riga, ya tafi masallaci yana jin kansa kamar wani mutum dabam.

Tun kafin a tayar da salla kawuna suka fara juyowa. Maiwada yana sahu na biyu. Ƙamshin ya iso masa daga baya, ya waiwaya sau ɗaya, ya ga daga inda yake fitowa. Ana sallamewa ya wuce gida, ya buɗe sanduƙi.

Kafin la'asar an taru a zaurensa. Ga liman, ga mai unguwa, ga kawun Shitu, ga Sanda da mahaifinsa. Shitu yana durƙushe a tsakiya, kwalbar tana ajiye a gabansa. Barakatu tana tsaye bayan bangon zaure ta cikin gida, tana jin komai.

"Ran Laraba ya kawo wa Baba rigar da aka rina," in ji Sanda. "Na ga an shigar da shi shigifa, na ga Baba ya fito amsa sallama ya bar shi shi kaɗai."

Gaskiya ne, an yi haka.

"Yaro," in ji liman, "ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Malam."

"To daga ina ka samu?"

A lokacin ne Shitu ya gane daga ina turaren da ke cikin tandun ya fito. Ya gane kuma abin da za a ce a garin nan game da budurwar da ta saci kayan mahaifinta ta aika wa saurayi.

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ka faɗa mana, Shitu," kawunsa ya ce, muryarsa tana karyewa. "Ka dubi furfurata."

"Ka gafarce ni, Kawu. Ba zan iya ba."

Barakatu ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ta hango rawunan dattawa ta ƙofa, ta tuna dariyar dandali, ƙafar ta koma inda take. Tana nan tsaye har ta ji mahaifinta yana cewa:

"Ba zan kai ka gaban alƙali ba, saboda kawunka. Amma kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata. Na karɓe ka a ɗakina, ka saka mini da sata."

Washegari mutane suka fara zuwa karofi suna karɓe kayansu tun ba a rina ba. Kwana biyu bayan haka Shitu ya ɗaure tabarmarsa ya koma Maska, don kawunsa ya samu ya ci abinci.

Barakatu ta daina fita. In ta ɗauki mazari sai zaren ya yi ta tsinkewa. In ta ji mata a bakin rijiya suna cewa "ɓarawon turare", sai ta dawo da tulu rabi. Mahaifinta ya ɗauka baƙin cikin yaudara ne, sai ya ƙara tausasa mata, yana sayo mata nama ranar kasuwa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta kan karɓa ta gode, ta kai ɗaki ta kasa ci.

Mutanen Sanda suka aiko neman izini. Maiwada ya tambaye ta, ta ce a ba ta lokaci.

An yi kwana arba'in, matar kawun Shitu ta kawo wa Gwaggo wani zare da aka manta a karofi. A cikinsa akwai takarda.

"Zuwa ga Barakata. Ina lafiya, ina aiki wajen yayana. Kada ki faɗa wa kowa komai, abin ya riga ya wuce, ni namiji ne zan iya ɗauka. Na ji an ce Sanda ya aiko. In hankalinki ya kwanta da shi, ban riƙe ki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki riƙa cin abinci, an ce kin rame. Ni ne, Shitu."

Barakatu ta karanta sau biyu, ta tashi ta sami Gwaggo a bakin murhu, ta durƙusa, ta faɗa mata komai. Gwaggo ta daɗe tana juya tuwo ba ta dube ta ba.

"Da hannuna na kai masa ke nan," ta ce daga baya.

"Da hannunki, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Ba ni za ki fara roƙo ba. Tashi mu je."

Maiwada yana shigifa yana gyaran igiyar jaki. Barakatu ta zube a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Baba, ni na buɗe kwalbar. Ni na zuba, ni na aika masa. Bai san naka ba ne. Ranar da aka taru a kansa ina bayan bango ina ji, na yi shiru."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Ke, Auta?"

"Ni ce, Baba."

"Don me?"

"An yi masa dariya a gabana, an ce yana wari. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji. Ba haka ba ne. Kunyarsa na ji. Na so in rufe warin don kada a yi mini dariya."

Ya ɗaga murya zai yi faɗa, sai Gwaggo Mero ta shigo ta zauna a kan buzunsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Maiwada, kafin ka ce komai. Za ka gaya mata yadda kwalbar nan ta zo gidan nan, ko ni in gaya mata?"

Barakatu ta ɗago kai, ta ga mahaifinta ya tsufa a gabanta cikin ɗan lokaci. Ya zauna a hankali a kan sanduƙin.

"Ba wani kogi," ya ce. "Ban tsamo kowa ba."

Sai ya ba da labarin, idonsa a kan ƙasa. Shekara talatin da suka wuce shi mai koran jakuna ne a ayarin Sidi Hamuda. Zazzaɓi ya kama Balaraben a hanyar Kano, ya san ba zai tashi ba. Ya kira Maiwada ya ba shi kwalbar a rufe, ya ce ya kai Katsina, wajen ɗansa Lawal da ya haifa da wata Bakatsiniya. Yaron shekararsa bakwai, ya saba jin wannan ƙamshi a rigar ubansa. Ya ce a ajiye masa har ya girma, in ya buɗe zai tuna.

"Na rantse masa zan kai. A watan nan ne zan je gaishe da iyayen mahaifiyarki. Ba ni da riga ta biyu, jikina duk warin jaki. Na ce bari in ɗiga ɗaya kawai. Da na buɗe, sai na ji kunyar kai wa marayan kwalba a buɗe. Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo kunyar ta ƙaru. Mutane suka fara tambaya, na ƙirƙiro kogi." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Da bakin nan na kira ɗan mutane ɓarawo."

Barakatu ba ta san lokacin da ta fara kuka ba. Ba wanda ya rarrashi wani. Sun daɗe a haka su uku.

Da asuba Maiwada ya ɗaura wa jakinsa shimfiɗa ya kama hanyar Maska shi kaɗai. Ya kwana a Bakori, washegari da azahar ya sami Shitu a bakin karofi, hannu cikin baba. A gaban marina duka dattijon ya cire takalmi ya durƙusa. Shitu ya yi tsalle ya riƙe kafaɗunsa, ya bar masa shuɗi a farar riga.

"Baba, don Allah tashi. Ba a yin haka."

"Ana yi, in an yi abin da na yi. Ka biyo ni Gozaki. A inda na ɓata sunanka, a nan zan gyara."

Ran Juma'a aka sake taruwa a zauren, mutanen da suka taru da farko, har da ƙari. Maiwada ya faɗi labarin kwalbar tun daga hanyar Kano bai rage komai ba. Da ya zo kan tandun sai ya ce, "Daga cikin gidana aka ba shi," ya so ya tsaya nan.

Murya ta fito daga bayan bango, tana rawa amma ana jin ta.

"Ni ce na ba shi. Ni Barakatu. Ya yi shiru ne don ya rufa mini asiri."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Kawun Shitu ya share ido da hannun riga. Mahaifin Sanda ya dubi ɗansa, Sanda ya dubi tabarma. Da aka watse ya tsaya a ƙofa har Shitu ya fito, ya ce, "Abin da na gani na faɗa, amma na san abin da nake so a ɗauka. Ka yafe." Daga ranar bai sake aikowa ba.

Garin ya yi maganarsu har ya gaji. Wasu tsofaffi suka daina zuwa gaishe da Maiwada. Ƙawayen Barakatu biyu suka daina shiga gidan.

Ran Litinin da la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa. Ta fito lulluɓe, ta zauna can nesa, ta kasa gaishe shi.

"Barakata, ba za ki dube ni ba?"

"Da wane ido?"

"Da wanda kike da shi. Shi nake kewa."

"Ba ka san duka ba," ta ce. "Ba don kai na aiko maka turaren ba. Don kaina ne. Ranar biki..."

"Kin matsa. Na gani."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Zaure bai yi mini ciwo kamar wannan ba," ya ce a hankali. "A zaure na san ban yi ba. A dandali kuwa gaskiya Sanda ya faɗa, ina warin karofi. Kuma zan ci gaba da yi, Barakata. Sana'ar ubana ce, ba ni da wata. In abin zai dame ki, gara ki faɗa mini yau, ba zan ji haushi ba."

Sai ta tashi, ta zagayo, ta zauna kusa da shi, a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani.

"Kwana arba'in ina zuwa ɗakin Gwaggo ina shinshina zaren da ka rina," ta ce. "Shitu, ka yafe mini."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa. Ya yi murmushi har ya kasa ɓoyewa.

"Sake faɗa."

"Ba zan sake ba."

"To na yafe rabi. Sauran sai kin sake."

Bayan an sa ranar aurensu Maiwada ya yi wata tafiyar, wannan karon zuwa Katsina, kwalbar tana naɗe cikin rawani a ƙirjinsa. Ya yi kwana huɗu yana tambaya kafin ya sami Malam Lawal, magidanci mai ɗinkin riguna, da 'ya'ya biyar. Malam Lawal ya saurari labarin har ƙarshe. Ya riƙe kwalbar, bai buɗe ba. Ya ce yana bukatar lokaci. Maiwada ya gaya masa ranar auren, ya dawo gida bai san ko an yafe masa ba.

Aka ɗaura aure bayan an girbe dawa, ranar Juma'a da hantsi, a ƙofar gidan Maiwada. Ana cikin raba goro sai ga baƙo a kan jaki, fari, mai dogon hanci. Maiwada ya miƙe tsaye da ya ga Malam Lawal ne.

Malam Lawal ya zauna kusa da liman, ya fito da kwalbar, ya kankare kakin. Ya kai ta hanci ya rufe ido. Jama'a suka zuba ido suna kallon hawaye yana bin gemunsa.

"Ba na tuna fuskarsa," ya ce. "Na yi ta ƙoƙari tun ina yaro. Amma wannan na tuna. Haka ƙamshinsa yake in ya ɗauke ni." Ya juya ga Maiwada. "Ka makara, Baba, amma ka kawo. Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Ni kaɗai ba zan iya da shi ba, shi ya sa na taho da shi nan."

Ya fara ɗiga wa ango a tafin hannu, sannan Maiwada, sannan liman, sannan ya miƙa kwalbar ta bi sahu, manomi da marini da mai koran jaki kowa ya samu, har ta dawo hannunsa ba ko ɗigo. Ya naɗe ta ya mayar aljihu, ya ce 'ya'yansa za su so ganin abin da kakansu ya riƙe.

Da yamma, kafin mata su fita da amarya, Gwaggo Mero ta kawo ta gaban mahaifinta. Maiwada ya ɗora hannu a kanta.

"Auta, ke kwana arba'in kika yi kika faɗi gaskiya, ni shekara talatin. Kin fi ubanki. Ki je, na yafe miki duniya da lahira. Mijinki ya rufa miki asiri tun ba ki zama tasa ba, ki riƙe shi da kyau. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi, aka fita da ita zuwa sabon ɗakin da Shitu ya gina a bayan gidan kawunsa. Yana tsaye daga nesa da abokansa, yana kallon ayarin yana matsowa, ya kasa tsayar da murmushinsa.